Sauran Tuwo Na Wane Ne?

A gidan Bahaushe, tuwon da aka tuƙa da yamma ba safai yake ƙarewa a daren ba. Uwargida kan kwashe malmala fiye da bakunan da ke gidan, domin ba ta san baƙon da zai yi sallama bayan isha'i ba. Abin da ya rage kuwa yana da hanyoyinsa sanannu. Wanda ya kwana lafiya a yi ɗumame da shi da safe, yara su karya kafin su tafi makaranta. Ƙanzon gindin tukunya a kankare, a shanya ya bushe ƙarau, ranar buƙata a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da mai da yaji. Abin da ya wuce cin mutum kuma kaji da awaki su samu. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sai an yi musu wa'azi a kan irin wannan tattali ba.

Cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, wannan ba abin jayayya ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Tambayar da ta fi wuya ita ce: abincin da aka tsirar daga juji, na wane ne? Na masu gida, ko na yaron da ke tsaye a zaure da robarsa yana cewa, "Ko ɗan ƙanzo, iya"?

A da, zafin ƙasarmu ne ke yanke hukunci. Shinkafa da miya ba ta kwana biyu a lokacin bazara, don haka dole a yanke shawara a daren: a ci, a shanya, ko a bayar. Daga wannan tilas ne rabon almajiri da na tsohuwar maƙwabta ke fita. Da firji ya shigo gidaje, sai ya ɗauke tilas ɗin. Yanzu uwargida na iya ajiye komai, kuma babu mai ganin laifinta, domin a wannan tsadar hatsi duk wanda ya adana loma ya yi hankali. Sai dai sau da yawa ajiyar jinkiri ce kawai. A ɗauke wuta kwana biyu, miya ta yi tsami, shinkafa ta fara yauƙi, sannan a tuna akwai mabuƙaci a ƙofa. A nan ne tattali ke rikiɗa ya zama rowa, kyauta kuma ta koma juye shara a kwanon ɗan mutane.

Wani zai ce da babu gara ba daɗi, kuma mai jin yunwa ba ya zaɓe. Amma rashin zaɓin nasa shi ne ya ƙara wa mai bayarwa nauyi. Yaron da ba shi da halin ƙin karɓa ya dogara ne kacokan ga amanar hannun da ya miƙo masa, kuma idan ya kwana yana amai da gudawa, babu uwa a kusa da za ta kai shi asibiti. Alƙur'ani ma, a Suratul Baƙara, ya hana mutum ware wa sadaka lalataccen abin da shi kansa zai ƙyamaci karɓa.

Saboda haka, a ganina, ma'aunin shi ne lokaci. Uwargida na da cikakken haƙƙin ajiye abin da ta tabbata iyalinta za su ci gobe, kuma babu rowa a cikin hakan. Abin da kuwa ta san a ranta ba za a ci ba, ya kamata ya bar hannunta tun a daren, tun yana da ɗumi, tun tana iya zuba wa ɗanta shi ba tare da ta shinshina ba. Ba kuma ita kaɗai alhakin ya hau ba. Maigidan da ke ganin girmansa ya wuce cin tuwon jiya, shi ke sa a ɗora sabuwar tukunya alhali na jiyan yana nan, har ya lalace. Idan ya yarda ya karya da ɗumame, lissafin ya yi sauƙi: kafin a rufe madafa da dare, a raba abin da ya rage gida biyu, na safe da na ƙofa.