Wa ke riƙe da ma'aunin hankali?

A ilimin halayyar ɗan Adam, wanda muke kira sikoloji, akwai kalmar Faransanci da ake yawan jefawa kamar kowa ya san ma'anarta: "anormal". Ni ɗalibin harshe ne, bin asalin kalma shi ne aikina. Wannan ta fito daga Latin, "norma", wato ma'aunin kusurwa da kafinta ke ɗorawa a kan katako ya ga ko ya yi daidai. Ke nan tun daga tushenta kalmar tana cewa akwai ma'auni, akwai kuma hannun da ke riƙe da shi. To ƴan uwa ɗalibai, idan aka ce hankalin wane ya kauce, da me aka auna?

Amsa mafi sauƙi ita ce ƙidaya: wanda ya bambanta da yawancin mutane shi ne ya kauce. Wannan ba ta kai ko'ina. Yaron da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara tara ya bambanta da sa'o'insa, amma walima ake yi masa, ba a kai shi wurin likita. Ciwon damuwa kuwa ɗaruruwan miliyoyin mutane ke fama da shi a duniya, yawansu bai mai da shi lafiya ba.

Sai ma'auni na biyu, saɓa wa abin da jama'a suka saba. Nan ne tsorona yake. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bayin da ke gudu daga iyayengijinsu wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa ke damunsu, har ya raɗa mata suna. Mutum ya tsere wa bulala, likita ya ce ba shi da lafiya!

Ba sai mun je Amurka ba ma. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana a bori. Waɗanda suka hau kansu sai su riƙa tafiya irin ta soja, suna ba da oda, suna kwaikwayon kwamanda da sauran manyan Nasara. Sunan da ya bi su daga harshenmu aka ɗauko shi: Hauka. Hukumar mulkin mallaka ta kama su ta kulle. Shekara kusan talatin bayan haka Jean Rouch ya ɗauki bikinsu cikin ƴan ci-ranin Nijar da ke Akara, a fim ɗinsa na 1955, "Les Maîtres fous". Wanda ya kalli tsakiyar fim ɗin kawai, kumfa a baki, idanu a juye, zai rantse mahaukata ne tuburan. Amma a ƙarshe ana nuna mutanen nan washegari, kowa a wurin aikinsa, cikin natsuwa. Ba wai ina kare bori ba ne, wannan wata magana ce daban. Abin da nake nunawa shi ne hali ɗaya, wani ya kira shi hauka, wani ya kira shi tawaye, mai shi kuma ya tashi da safe ya tafi neman abincinsa.

Don haka masana suka fi jingina ga wasu abubuwa biyu: shin mutumin yana shan wahala? Shin abin ya hana shi tafiyar da rayuwarsa, barci, cin abinci, aiki, zama da mutane? Su ma suna da ɓaraka. Akwai ciwon da mai shi ke jin ya fi kowa lafiya, ya kwana uku bai runtsa ba, ya rabar da jarinsa yana dariya. Akwai kuma wahalar da ba ciwo ba ce, kamar ta uwar da ta rasa ɗa. Dubi yadda manyan ma suka rabu a nan. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, a bugun 2022 ya ce sai baƙin cikin mutuwa ya kai wata 12 yana hana babban mutum rayuwa kafin a kira shi ciwo. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa wata 6, tare da sharaɗin a duba al'ada da addinin mutumin. Zuciya iri ɗaya, ma'auni biyu. Shi ya sa na yarda da Jerome Wakefield, wanda ya ce a 1992 sai abu biyu sun haɗu: wani aiki na cikin mutum ya lalace, kuma lalacewar tana cutar da shi. Rabin farko aikin kimiyya ne. Rabi na biyu hukunci ne na mutane, kuma gara a faɗi haka a fili.

Wasu na ƙara haɗari a jerin. Ni ban ba shi nauyi sosai ba, don mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ake jifa.

Yanzu bari in dawo gonata. Ku lura da ginin kalmar "mahaukaci": ma- a gaba, -i a baya, daidai da manomi, maƙeri, maɗinki. Wannan gini na mai sana'a ne, yana cewa ga abin da mutum yake, dindindin. Shi ya sa ko ya warke sai a ce ai ba a warkewa, sai dai sauƙi, a hana shi mata, a hana ƙannensa ma. "Taɓin hankali" kuwa yana cewa wani abu ne ya taɓa, mutumin yana nan. Ba wanda ke kiran mai zazzaɓi da sunan zazzaɓinsa har ya mutu.

Kuma wannan kalma ta yi mana wata ɓarnar. Ta sa ma'auninmu na unguwa ya zama ɗaya tak: tsiraici a kasuwa. Wanda bai kai can ba lafiyarsa lau. Sai ka ga ɗalibi ya daina zuwa aji wata biyu, ya daina wanka, ba ya cin abinci sai an matsa, yana kwance fuska ga bango, mu kuma muna cewa raggo ne, ko budurwa ce ta yaudare shi, ko a ce ya yi haƙuri kawai. Bai saɓa wa kowa ba, bai zagi kowa ba, don haka ma'aunin jama'a bai gan shi ba. Ma'aunin wahala da gazawa kuwa ya gan shi tun makon farko. A Babban Asibitin Yamai akwai sashen masu wannan lalura, amma sunan wurin kaɗai ya isa ya sa abokan ɗakinsa su yi shiru, don ba wanda ke son a ce shi ya fara kai wane can.