Tsadar Lafiya: Nawa Ne, Kuma a Wuyan Wa?

Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To amma uwar nan ba a kyauta ake riƙe ta ba. A kowace ƙasa akwai kuɗin ganin likita, da na magani, da na gado, da kuma na wanda zai kula da tsoho ko naƙasasshe idan ƙarfi ya ƙare. Masana tattalin arziki sun saba jera ƙasashe a jadawali domin a ga wadda ta fi kashe kuɗi da wadda ta fi araha. Manufar wannan muƙala ita ce a duba ko irin wannan kwatanci ya isa ya nuna mana ƙasar da ta fi yi wa majinyatanta adalci. Ra'ayina shi ne bai isa ba, sai an haɗa da wasu tambayoyi biyu: wane ne ya biya, kuma a wane lokaci aka ce ya biya?

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Amurka ce kan gaba wajen kashe kuɗi. A shekarar 2023 ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan kiwon lafiya, wato fiye da kashi 17 cikin 100 na ɗaukacin arzikin da ta samar a shekarar, ko kuma sama da dala 14,000 a kan kowane mutum. Birtaniya da Japan kuwa abin da kowaccensu take kashewa kimanin kashi 11 ne. Duk da haka, a wannan shekara matsakaicin tsawon rai a Japan ya kai kimanin shekara 84, na Amurka kuwa 78. Ashe yawan kuɗi bai zama yawan kwana ba.

Babban dalilin wannan tazara shi ne farashi. Misali, allurar insulin ta masu ciwon suga: waɗanda suka gano ta a Kanada sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarta a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu, domin ta isa ga kowa. Amma a 2019 kwalbar da ake sayarwa kusan dala 300 a Amurka, kimanin dala 30 take a Kanada, har marasa lafiya suka riƙa tsallaka iyaka don sayo ta. Magani ɗaya ne, ciwo ɗaya ne. Bambancin shi ne Kanada tana da hukumar da ke sa ido a kan farashin magunguna.

Arahar da Ba Ta Ado

Idan aka sa Nijeriya a wannan jadawali, a can ƙasa za a same ta, domin abin da ake kashewa a kan kowane mutum a shekara bai kai dala 100 ba. Wanda ya tsaya a kan alƙaluma kawai sai ya ce lafiya da araha take a wurinmu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan kuɗi daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita kai tsaye, alhali a Amurka, duk da tsadarta, abin da ke fita ta wannan hanya kimanin kashi 10 ne. Manomin da ya sayar da shanun hudarsa domin a yi wa matarsa tiyatar haihuwa, a takarda kuɗi kaɗan ya biya, amma a haƙiƙa abincin baɗi ya bayar.

A nan ne batun lokaci ya shigo. Mutum yakan yi cinikin buhun hatsi, idan farashi bai yi masa ba ya wuce gaba. Wanda ɗansa ke shure-shure a hannunsa kuwa ba shi da bakin ciniki. Neman kuɗi daga mutum a wannan hali, neman su ne a ranar da ya fi kowace rana rauni, kuma sau da yawa a ranar da ba ya iya fita nema. Saboda haka ne wasu ƙasashe suka mayar da biyan zuwa lokacin da mutum ke da lafiya. Jamus ta kafa inshorar lafiya ta ma'aikata tun 1883, a zamanin Bismarck. Birtaniya ta buɗe hukumar lafiyarta ta ƙasa a ranar 5 ga Yuli, 1948, inda ake biya ta hanyar haraji, a ga likita ba tare da an nemi ko sisi ba. Hikimar ba baƙuwa ba ce a gare mu, ita ce ta gayya: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jinyar da Ba a Lissafawa

Akwai kuma ɓangaren kula da tsofaffi da naƙasassu, wanda ya fi wuyar kwatantawa. A Ingila, mai ciwon daji kyauta ake yi masa magani. Amma tsohon da ya kamu da ciwon mantuwa, yake bukatar a yi masa wanka a ba shi abinci, idan dukiyarsa ta haura fam 23,250 yawanci shi zai biya wa kansa. Wace hujja ce ta sa aka ɗauke wa wancan nauyi aka bar wa wannan, alhali babu wanda ya zaɓi ciwonsa? Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun amsa wannan tambaya da kafa inshora ta musamman domin irin wannan kulawa. A Japan duk wanda ya kai shekara 40 yana zuba nasa kason.

A ƙasashenmu, wannan fanni kusan babu shi a lissafin hukuma. Hakan ba ya nufin aikin ba ya da tsada. Akwai ɗiyar da ta bar makaranta, da matar da ta jingine sana'arta, da surukar da ke kwana a tabarma a gefen gadon asibiti. Zumunci abin alfahari ne, amma rashin rubuta wahalarsu a jadawali bai rage mata nauyi ba.

Wata Suka da Amsarta

Mai karatu na iya cewa babu abin da yake kyauta, kuma gaskiya ne. A 2023 jerin jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7, kuma jira ma biya ne, da zafin jiki maimakon kuɗi. Yana kuma iya cewa ƙasa matalauciya ba za ta iya abin da Jamus ta yi ba. Sai dai a lura cewa Tailan ba ta cikin manyan masu arziki lokacin da ta game ƙasarta da shirin ganin likita a kan kuɗinta bat 30 kacal a 2002. Gana ma ta kafa dokar inshorar lafiya a 2003 domin kawar da tsarin biya kafin a duba ka. Mu kuwa a Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, sai dai akasarin jama'a ba su shiga ba tukuna. Talauci yana rage abin da za a raba, amma ba shi ke zaɓar wanda za a ɗora wa kaya ba.

Kammalawa

A taƙaice, babu al'ummar da ke tsere wa kuɗin rashin lafiya. Ko dai ta tara shi tun da sauran lafiya, mai ƙarfi ya tallafi marar ƙarfi, ko kuma ta bar shi ya faɗa wa wanda tsautsayi ya zaɓa. Don haka idan aka nuna mana jadawalin ƙasashe, kada mu tsaya ga tambayar nawa aka kashe. Mu tambayi gida nawa ne suka sayar da gona, da mutum nawa ne suka haƙura da zuwa asibiti don tsoron abin da za a ce su kawo. A ganina, ƙasar da ta fi tsada ita ce wadda majinyaci ke fara laluben aljihunsa kafin ya faɗi inda ke masa ciwo.