Kaskon da ya ɗauki sunan mai saye

A birnin Kyoto na ƙasar Japon, cikin wurin ibadar Daitoku-ji, an adana wani kaskon shan shayi da ake kira Kizaemon. Hukuma ta sa shi cikin dukiyar ƙasa. Amma fa a Koriya aka gina shi, wajen ƙarni na 16, kuma sunan magininsa ya ɓace. Kizaemon wani ɗan kasuwar Osaka ne da ya taɓa mallakarsa. Ni da nake karatun harshe, nan abin ya tsaya mini a rai: yaya aka yi suna ya tsallake mai yi, ya sauka kan mai saye?

Sai mu koma baya kaɗan. Babban malamin shayi Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya koya wa manyan Japon son abu marar ado, mai ɗan karkata, wanda ba ya alfahari. Wabi suke ce ma wannan ɗabi'a. Shi ya sa wani magini, Chojiro, ya riƙa gina masa kasake baƙaƙe da jajaye, da tafin hannu kawai. Daga nan gidan Raku ya samo asali, kuma zuriyarsa tana kan sana'ar har yau.

To, ga inda gizo ke saƙa. Rikyu zaɓen sauƙi ya yi, alhali yana zama da masu mulki. Shi kuwa maginin Koriya fa? Yanagi Soetsu, masanin sana'o'in hannu, da ya ga kaskon a 1931, ya ɗauke shi kwanon cin shinkafar talaka, wanda aka gina ba da neman yabo ba. In haka ne, abin da attajiri ya kira kyau, a wurin magini abincin yini ne kurum. Talaucin wani ya zama adon ɗakin wani.

Wani zai ce gani ma aiki ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Da masu shayi ba su lura da kaskon ba, da tuni ya fashe an zubar. Su suka naɗe shi cikin ƙyalle, suka yi masa akwati, ya yi shekaru ɗaruruwa.

Sai dai ni a ganina, ido bai ƙera komai ba, tsintuwa ya yi. Wanda ya tsinci abu ya cancanci godiya, amma bai zama mai shi na asali ba. Gidan Raku ya riƙe sunansa domin yana kusa da fada. Na Koriya ya rasa nasa domin yana nesa. Ashe suna ba gwaninta yake bi ba, iko yake bi.

Don haka, ƴan'uwa, in abin hannu ya burge mu, ko tulun Mirriya ne, kafin mu ce "nawa ne?" mu fara da "wa ya gina?"