Baƙon da Ba a Shirya Masa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranar 30 ga Yuli, 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta umarci a rufe iyakoki da Nijar. Gadar kogin Kwara da ta haɗa Gaya da Malanbil ta tsaya cik, hanyar Kamba ma haka. Manyan motocin da suka ɗauko kaya daga Kwatano suka yi jerin gwano a ƙetare, fasinja suka koma shiga kwalekwale. Direban da ya yi lissafin kwana biyu ya share makonni, guzurinsa ya ƙare. Mai masaukin da zai karɓe shi kuwa, ɗan dako ne ko mai shago, wanda shi ma abincinsa yana rataye da wannan gada.

A nan tambaya take: mutumin da nasa shirin ya rushe, shin har yanzu baƙo yana da haƙƙi a kansa? In yana da shi, sakin fuska ma yana ciki?

Sharia ta ba baƙo kwana uku, ba ta kuma ce sai lokacin yalwa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin baƙin Annabi Ibrahim (AS) a Suratu Hudu da Zariyati. Bai san su ba, ba su aiko da saƙo ba, amma ya yi hanzarin kawo musu gasasshen maraƙi tun bai ji abin da ke tafe da su ba. Baƙon da aka gayyata, kowa yana iya karrama shi. Wanda ya faɗo ba zato shi ke nuna abin da ke cikin zuciyar mai gida.

Wani zai ce murmushi cikin asara ai yaudara ce. Amsar ma'abota Ɗariƙa ita ce, yarda da ƙaddara ba ta hana zuciya jin zafi. Abin da take hanawa shi ne a sauke zafin a kan wanda bai jawo shi ba. Sahabbai sun ɗaura harami a shekara ta 6 bayan Hijira, aka tare su a Hudaibiyya, suka juya ba su yi Umra ba. Abin ya yi musu nauyi ƙwarai, daga baya aka gane buɗi ne. Bawa yana tsara nasa, Ubangiji yana da nasa tsarin, kuma baƙon da ke bakin zaure yana cikin tsarin Ubangiji.

Muridi da ya taɓa zuwa Maulidin Kiyota ya ga haka da idonsa: jama'a ta fi ƙarfin ɗakuna, a kwana a kan tabarma, kwano ɗaya ya zagaya hannaye da yawa. Wannan tarbiyya ba ta mako ɗaya ba ce. Istigfari da Salatul Fatihi da hailalar da ake yi a wazifa, alamar sun shiga zuciya ita ce yadda mutum yake amsa sallama ranar da ciniki ya mutu.

Wanda ba shi da maraƙi yana da ruwan sanyi, da inuwa, da wurin alwala, da sanin hanyar da baƙo bai sani ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah Ya sanya 'yan'uwa cikin masu haƙuri da karamci, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, albarkar Annabi (SAW). Amin.