Ko Gyaran Ido Jayayya da Allah Ne?

Wani dattijo na ekklesiyarmu a Sabon Birni ya makance da yanar ido, amma ya ƙi zuwa Asibitin Ido na ECWA a Kano. Ya ce mini, "Pasto, abin da Allah ya rufe, wane ne mutum da za ya buɗe?" Tambayar ta isa a yi tunani a kanta.

Ga yadda aikin ya ke. Likita ya kan cire ƙwayar da ta dushe, ya sa ta roba a gurbinta. Harold Ridley ne ya fara wannan a Landan cikin 1949, gama ya lura ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi ya kan zauna cikin idon matuƙi, ido kuwa ba ya ƙinsa. Daga baya aka ƙera ƙwaya mai laushi, faɗinta wajen milimita 6, da ɗan bututu inda a kan naɗe ta, a tura ta cikin ido ta ƙanƙanuwar kafa.

To, wa ya halicci idon da ya karɓi robar? Wa ya ba maƙerin basira? Manomin da ya yi huɗa bai yi jayayya da Mai ba da ruwa ba. Haƙuri ya wajaba ga ciwon da ba shi da magani. Amma mutum ya ƙi maganin da ke kusa, har jikansa ya bar makaranta domin jan gora, wannan ba bangaskiya ba ce.

'Yan'uwa, ba kowace makanta ke warkewa ba, amma ta yanar ido tana gyaruwa. Mai makaho a gida, bari ya kai shi a duba.