Allon da Ake Wankewa da Allon da Ba a Wankewa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali, Ya kuma sanya alƙalami sababin tsare ilmi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata tambaya ta yawaita zuwa mana daga iyayen yara da malaman lakwal da na madarasa: shin ya dace a shigar da salula da kwamfuta cikin aji a koyar da yara da su, ko kuwa a tsaida su a bakin ƙofa? Mafi yawan masu tambayar suna zuwa ne da amsarsu a aljihu, hatimi kawai suke nema. Wani yana son a ce masa haramun ne, domin ya huta da rigimar ɗansa. Wani kuma yana son a ce ci-gaba ne, wanda bai shiga motar ba an bar shi a tasha. Dukansu biyun ba za su sami abin da suka zo nema ba.

Da farko dai, na'ura hanya ce, kuma malamanmu na Malikiyya, irin su Imamu Ƙarafi, sun daɗe da bayyana cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kai mutum zuwa gare shi. Ba yau Musulmi suka fara cin karo da sabon kayan karatu ba. An yi dogon jinkiri kafin a yarda da injin buga littafi, har sai a 1727 aka ba da izinin kafa maɗaba'a mai haruffan Larabci a Istambul, amma ban da littattafan addini. Ga shi a yau Ahalari da Ishmawi da Risala da muke karantawa a zaure duk bugaggu ne, babu mai jin ya yi saɓo. Haka aka yi ja-in-ja a kan lasifika a masallaci, haka a kan kaset ɗin wa'azi. Saboda haka wanda ya ce na'ura haramun ce a zatinta, to, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai.

Amfaninta kuwa ba ya ɓuya. Malamin da yake wani ƙauye can bayan Dakwaro ko Tanut, littafin karatu ɗaya yara da dama suke leƙawa, idan ya sami na'urar da za ta nuna musu taswirar ƙasa, ko yadda jini yake zagaya jiki, ai ya sami mataimaki. Ɗalibin da harshensa yake cakuɗa haruffa yana iya sauraren gwanin makaranci a ruwayar Warshu, ya maimaita aya sau ashirin, makarancin bai gaji ba, bai kuma yi fushi ba. Wannan ni'ima ce, kuma butulce wa ni'ima ba halin mumini ba ne.

To, amma ina matsalar take? Mu koma makarantar allo, inda mafi yawanmu muka fara. Yaro zai fiƙe alƙalaminsa, ya dama tawada, a rubuta masa ko ya rubuta da kansa, malam ya biya masa. Sai ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, safe da yamma, wani lokaci har da dare a bakin wutar kara. Ranar da ya kawo hadda malam ya gamsu, sai a ce ya je ya wanke. A nan hikimar take. Ba a wanke allo sai abin da yake kansa ya ƙaura zuwa ƙirji. Allon masauki ne na ɗan lokaci, ƙirjin yaron shi ne gida. Shi ya sa wankin allo yake ranar farin ciki ga yaro, alhali kuwa rubutun da ya sha wahala a kansa ne ruwa yake tafiya da shi.

Allon salula ba haka yake ba. Ba a wanke shi, domin abin da yake ciki ba ya ƙarewa, kuma kullum yana nan a aljihu. Yaron da ya san cewa duk lokacin da ya so zai latsa ya gani, me zai sa ya ɗora wa ƙirjinsa kaya? Sai ya riƙa zaton ya sani, alhali sanin yana cikin akwatin, shi dai mai riƙon akwati ne. Ranar da batir ya mutu, ko aka ɗauke wuta kamar yadda muka sha fama tun daga watan Agusta na 2023 lokacin da aka yanke layin da yake zuwa daga Nijeriya har tsawon watanni, sai a ga malamin nan namu ya koma hannu rabbana. Mu tuna, lokacin da Sayyidina Abubakar ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu (Allah Ya yarda da su) aikin tattara Alƙur'ani, bai dogara ga rubutu shi kaɗai ba, sai da ya haɗa abin da yake rubuce da abin da yake cikin ƙirazan mutane. Har yau a kan wannan ƙafa biyu Littafin Allah yake tsaye a tsakaninmu.

Ana yawan ce mana yaran yanzu daban ne, da waya a hannu suka buɗe ido, don haka dole a bi su ta inda suka saba. Gaskiya ne tun farkon shekarun 2000 da salula ta shigo ƙasar nan an haifi zuriya guda wadda ba ta san duniya babu ita ba. Amma a lura da abu biyu. Ba duk yaranmu ne haka ba. Yarinyar da take ɗebo ruwa kafin ta tafi lakwal a ƙauye ba ta cikin wannan lissafi, sai dai ƴaƴan birni da na masu hali. Sannan iya shafa yatsa a fuskar waya ba ilmi ba ne. Jikanka mai shekara huɗu yana iya buɗe maka bidiyo kai kana lalube, wannan bai mai da shi malaminka ba. Abin da waya ta koya wa yaran nan da gaske shi ne gajen haƙuri: a kalli abu na rabin minti, a ture shi, a kalli wani. Kamfanonin da suka ƙera TikTok da ire-irensa daga daɗewar idon mutum a kan allon suke samun kuɗin talla, don haka aka gina su yadda barin su zai yi wuya. Yaron da ya kwana a kan wannan, da safe a ce ya zauna awa guda a kan lissafin kasafi ko babin i'irabi, ai an haɗa shi da aiki.

Hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Mun saba kawo giya da ƙwaya idan ana wannan magana, mun manta cewa abin da yake tsinka natsuwar yaro gutsure-gutsure shi ma ɓarna yake yi a wannan gona, ko da hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka riga mu shiga wannan ruwa ma sun fara ja da baya. Faransa ta yi doka a 2018 ta hana yara amfani da salula a firamare da kolej. Hukumar UNESCO, a rahotonta na 2023 a kan fasaha a cikin ilmi, ta yi gargaɗin kada a shigar da na'ura aji sai inda ta tabbata tana taimakon karatu.

Sai kuma sabuwar fitina. Tun ƙarshen 2022 aka fito da manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda za ka ba su tambaya su rubuto maka amsa shafi guda cikin ƙiftawar ido, da Faransanci ko da Larabci. Ɗalibin da aka ba aikin gida ya kai wa na'ura, ya kwafe, ya sa sunansa a sama, ya yi algus, kuma Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya yi kakkausan hani ga algus tun a kan hatsin kasuwa, balle a kan ilmi. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗalibin da kansa. Mushe bai ba shi aikin ba domin yana bukatar amsar, ai ya san ta. Ya ba shi ne domin wahalar neman, kamar yadda ba a aika yaro gona domin a ga ƙurar fartanya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne mai ɗaukar fatawa daga irin wannan na'ura, wadda takan ƙirƙiro hadisi ta jingina shi ga littafin da ba ya ciki, kuma ba ta jin kunya, ba ta tsoron tsayuwa gaban Allah.

Magabata sun san cewa ilmi daga mutum yake zuwa ga mutum. Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda domin ya ji hadisi ɗaya daga bakin wanda ya ji shi. Mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin Rabi'a, ladabin malamin ta umurce shi ya fara ɗauka kafin ilminsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, sai da ya taka har Agadas domin ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abin da ake ɗauka a irin wannan zama ya wuce abin da yake cikin littafi: yadda malam yake yin shiru kafin ya amsa, yadda yake cewa Allah ne masani a gaban ɗalibansa, yadda yake gane daga fuskar yaro cewa yau bai karya kumallo ba. Wace na'ura ce za ta ga wannan?

Ƙasarmu ma ta taɓa gwada koyarwa da akwati. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara shirin talabijin ɗin lakwal a Nijar, kuma muna cikin ƙasashen farko a Afirka da suka yi haka. Ana shirya darasi a Yamai a watsa shi zuwa azuzuwa, a sa matasan da ba su yi dogon karatu ba, waɗanda aka ba horo na ɗan lokaci, su kula da yaran. Har da hasken rana aka yi amfani wajen kunna akwatunan a inda babu lantarki. An yaba da yadda bakin yaran ya faɗa da Faransanci. Amma shirin bai taɓa kai wa ga mafi yawan ƴaƴan ƙasa ba, ga tsada, ga gyara, ga dogaro da hannun waje, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe shi, kayansa suka zama harsashin talabijin ta ƙasa. Kwaddibuwa ta yi irinsa a faɗin ƙasa daga 1971, ita ma ta watsar a farkon shekarun 1980 bayan koken iyaye da malamai. A ƙasar Peru an raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗari-ɗari, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga lissafinsu ko karatunsu ya ƙaru ba. Akwatin ya iso, malamin da zai ja ragamarsa ne ba a tanada ba.

Saboda haka abin da muke gani shi ne na'ura ta shiga aji a hannun malami, da izininsa, domin wata bukata da ya sani, sannan ta fita idan bukatar ta biya. Ma'auninta kuwa shi ne na allonmu na da: bayan darasi a kife ta, a tambayi yaron. In ya iya bayani da bakinsa, ya rubuta da hannunsa, to, allon ya wanku. In kuwa sai ya sake leƙawa, ba a yi karatu ba tukuna, kallo aka yi. Salular yaro ta kansa, mai ɗauke da hirar abokai da bidiyo, ba ta da wurin zama a aji. Ku kuma iyaye, kada ku ɗora wa mushe abin da kuka kasa. Uban da ya sayi waya ta jikka hamsin ya miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu, bai taɓa tambayar abin da yake ciki ba, ba ya karɓe ta da dare, shi da kansa ma ita yake latsawa tsakanin Magariba da Isha'i, ba shi da bakin zargin makaranta. Kiwo ne aka ba shi, za a kuma tambaye shi.

Akwai maganar adalci, wadda muke roƙon ƴan'uwan da suke cikin kwamitocin COGES da masu hannu da shuni su riƙe ta duk ranar da aka zo musu da shirin rabon kwamfuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ƙananan yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. A lokacin hukumomi sun ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai kamar 36,000. Tsare rai yana gaba da ƙawata karatu. Inda kuɗin bai isa duka biyu ba, a fara da bulo da kwano da benci da haƙƙin malami, kwamfuta ta jira layinta. Yaran nan kuwa da suka fita da safe da allunansu ba su komo ba, Allah Ya sa masu ceto ne, Ya ba iyayensu haƙurin rashi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.