ZULLUMIN BAYAN INTABIYU

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata 'yar magana ce ta tsaya mini a rai kusan sati uku ke nan, kuma na san gidaje da yawa akwai irinta.

Autar gidanmu ce ta je intabiyu a wata makarantar koyon aikin jinya. Ta riga ta ci jarrabawar rubutu, sunanta ya fito cikin waɗanda aka kira. Ranar tun asuba ta shirya, hijabi ya sha guga, ga fayil a hannu da sakamakon WAEC, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hotuna. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar, kuma maimakon ta wuce gida sai ta biyo ta gidana. Daga jin sallamarta na san da magana. Na zubo mata shinkafa da wake da mai da yaji, abin da ta fi so a duniya, ta ture kwanon gefe.

"Yaya, na faɗi."

Na ce, "Sun gaya miki ne?"

"A'a, ba su ce komai ba. Amma ni na sani."

Da ƙyar na samu ta warware mini. Mutum biyar ta tarar a zaune a bayan tebur, kuma duk zaman bai kai minti goma ba. An tambaye ta dalilin da ya sa take son aikin jinya, ta faɗa. An tambaye ta zafin jikin mai lafiya, ta ce wajen digiri 37. An tambaye ta bugun zuciyar babban mutum a minti ɗaya, ta ce daga 60 zuwa 100. Duk daidai. Sai wata dattijuwar nas mai tabarau ta ce mata a wace ƙasa aka haifi Florence Nightingale, matar nan da ake dangana aikin jinya na zamani da ita. Auta ta ce Ingila. Ashe iyayenta ne 'yan Ingila, ita a Italiya aka haife ta a 1820, a birnin Florence, sunan garin ma aka sa mata. Dattijuwar ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai ta rubuta wani abu a takarda. Shi ke nan fa.

To wannan ɗan rubutun da ba ta ga ko mene ne ba, shi ne abincin Auta na sati uku. Da shi take kwana, da shi take tashi. Yau ta ce ai lokacin da ta shiga ba ta gaishe su da ƙarfi ba. Gobe ta ce ta tuna ta zauna tun kafin a ce ta zauna. Jibi ta ce wadda ta shiga kafin ita ta fi ta daɗewa a ciki, lallai ita suka so. Gata kuma ta ce a'a, wataƙila wadda aka daɗe da ita ce ake shakka a kanta. Kullum akwai sabon laifi da za ta tono, har na fara mamakin yadda minti goma ya iya ɗaukar kurakurai masu yawa haka.

Abin da kowa ke ce mata ɗaya ne: ki yi tawakkali, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Gaskiya ce, ba ni da ja. Sai dai na lura sau da yawa idan muka ce wa mai damuwa ta yi tawakkali, abin da muke nufi shi ne ta yi mana shiru, ta dame mu. Kuma sai mu ƙara mata wani nauyin, da tana tsoron faɗuwa, yanzu kuma tana zargin kanta da raunin imani. Ni ban yarda cewa zullumin yarinyar da ta yi wata shida tana karatu da fitilar waya laifi ne ba. Wadda ba ta damu ba, ai ba ta so abin ba ne.

Tambayar da na zauna ina yi wa kaina ita ce, shi wannan zullumin, me yake saya mata? Domin damuwa iri biyu ce. Akwai ta kafin a shiga ɗakin, ita ce ta tashe ta ƙarfe uku na dare ta yi bita, ita ta sa ta haddace digiri 37 ɗin nan, wannan kam ta biya kuɗinta. Amma wadda take zuwa bayan an fito an ja ƙofa, kamar mace ce ta dawo daga inji da gari, ta zauna ta sake zuba shi a turmi tana kirɓa. Za ta gaji, za ta yi gumi, maƙwabta ma za su ji ƙarar taɓarya su ce tana aiki, amma garin nan ba zai ƙara laushi ba. Abin da ya sa take da wuyar bari ke nan, kama take da aiki. Zuciya tana ganin in ta daina tunanin abin, kamar ta saki igiyarsa ne.

Ba a nan ta tsaya ba, tana kuma ɗora ki a kujerar alƙali a shari'ar da ba ki ji shaidu ba. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wallahi ban da fuskar mai yin intabiyu. Matar da ta zauna tun safe tana ganin 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, ga zafi ga yunwa, in ba ta yi miki murmushi ba, ke kin san dalili? Wataƙila bayanta ke ciwo. Wataƙila abin da ta rubuta maki mai kyau ne. Na taɓa karanta wani gwaji da wani malami, Thomas Gilovich, da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000 daga jami'ar Cornell ta Amurka. Sun sa ɗalibai rigar da suke jin kunyar sawa, suka tura su cikin ɗakin da ke da mutane, sannan suka tambaye su mutum nawa suke jin sun lura da rigar. Su ɗaliban sun zaci kusan rabi, ashe kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai. Mu mata ma mun san haka ba sai an je Amurka ba. Sau nawa kika dawo daga biki kina cizon yatsa a kan wata magana da ta suɓuce miki, bayan kwana biyu ki tarar ba wadda ta ma ji?

Sannan akwai abubuwan da Auta ba ta gani daga inda take zaune. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka gurbin. Makarantun jiha galibi suna duba ƙananan hukumomi don kowa ya samu, mu nan Kano kuwa 44 gare mu. Ga makin jarrabawar rubutu, ga kiredit biyar ɗin da ake nema, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Duk wannan lissafin sai Auta ta tattare shi ta ɗora a kan Ingila da Italiya. Za ta iya samu duk da kuskuren, za ta kuma iya rasawa ko da ta amsa komai daidai.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce zullumi wahala ce kawai, ta zo ta wuce. Amma yana buɗe wata ƙofa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ce na kusa shiga.

A sati na biyu wata mata da muke haɗuwa wajen adashi ta ji labari, ta ja ni gefe. Ta ce, "Maman yara, ke ma dai da sanyin jiki kike. Yanzu wa yake zama jiran sunaye su fito? Ina da wanda ya san na ciki, ku kawo dubu ɗari da hamsin na goro, a gama magana." Ban san ko da gaske tana da wani ba, ko kuwa irin masu karɓe kuɗin mutane ne, in sunan yarinya ya fito da kansa su ce aikinsu ne, in bai fito ba su ce an fi ƙarfinsu. Amma a daren nan na buɗe akwati na ƙirga kuɗin da nake tarawa na buga sabon littafina. Sun kusa kaiwa.

Kada ku yi saurin zagina, ku ji hujjar da zuciyata ta kawo, don ba ƙaramar hujja ba ce. Ta ce mini: in kowa yana neman ƙafa, ke kika zauna, ba gaskiya kika yi ba, wauta kika yi, kuma ba ke za ki biya kuɗin wautar ba, ƙanwarki ce. Ta ce ai yarinyar ta cancanta, ba daƙiƙiya za ki cusa ba, haƙƙinta kawai za ki tsare mata. Na kwana ina juya wannan magana.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wani abu da Auta ta faɗa mini tun ranar farko ban ba shi muhimmanci ba. A layi ta zauna kusa da wata yarinya da ta taso daga ƙauye tun daren jiya ta kwana gidan dangi, mahaifinta yana rakuɓe a bakin get da buta a hannu, akuya ya sayar ya yi kuɗin fom da na mota. Gurbi ba ya ƙaruwa don na ba da kuɗi. In an tura sunan wata sama, to sunan wata ne ya yi ƙasa, kuma ba sunan 'yar mai hali ne zai yi ƙasa ba, na waccan ne, wadda ba ta san kowa ba. In kuwa Auta ta riga ta ci da kanta, to na sayi abin da yake nata, na kuma bar ta har abada tana zaton ba ta iya ba sai da aka saya mata. Ta kowace fuska na duba, ban ga inda na tsare haƙƙi ba.

Ku kuma tuna wane aiki ake magana. Wannan yarinyar da aka cusa ita ce gobe za ta ɗaura miki ƙarin ruwa, ita za ta auna wa jaririnki allura, ita za ki tarar a ɗakin haihuwa ƙarfe biyu na dare likita ba ya nan. Duk macen da ta taɓa naƙuda a asibiti ta san bambancin hannun da ya iya da hannun da aka yi wa alfarma. A tsarin makarantun jinya da muka saba da shi ma, wata shida na farko gwaji ne, a ƙarshensa a yi jarrabawa, wadda ta kasa a sallamo ta gida. Nan kuma wa za a ba goro?

Ban ce kada a yi tambaya ba. Ki je ki duba allon sanarwa, ki tambayi ranar da sunaye za su fito, ki tambayi ko akwai rukuni na biyu, duk wannan neman sani ne. Neman a ture wata ne ban yarda da shi ba. Na mayar da kuɗina akwati, matar adashi kuwa har yau tana gaishe ni da ɗan guntun murmushi, irin na an ga wawiya.

Bayan na rufe wannan babin ne na zauna da Auta na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, me take tsoro? Don in ba a samu bana ba ai akwai baɗi, akwai makarantar ungozoma, akwai ta koyon tsafta da kiwon lafiya, ga JAMB ana yi kowace shekara. Sai ta fashe da kuka. Ashe ba dattijuwa mai tabarau ce ke hana ta barci ba, Baba ne. Wannan ce shekararta ta biyu a gida tun da ta gama sakandare, kuma tun bara ya faɗa, in bana ba ta samu makaranta ba, ba zai ci gaba da zuba mata ido ba, ga mai nema ya turo magabata har sau biyu. Ba wai ba ta son mutumin ba ne. Tsoronta kada a kai ta ɗaki a ce karatu sai an ga hali, ta kuwa ga yadda "sai an ga hali" ya ƙare a wajena, ni da na tsaya a sakandare da alƙawarin zan ci gaba.

Kun ga abin da zullumi ya yi mana? Sati uku ya tsayar da mu a bakin ƙofar da aka riga aka rufe muna leƙe ta kafar makulli, alhali ga wadda take a buɗe a cikin gidanmu, ba wanda ya taka ta. Amsar da ta bayar a intabiyu ba ta gyaruwa. Maganar Baba kuwa ba a ɗaura komai ba tukuna. Sai dai tunanin Italiya ya fi sauƙi a kan a durƙusa gaban mahaifi a roƙe shi ya janye maganarsa, shi ya sa duk muka fake a can, har da ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je gida. Na fara biyawa ta ɗakin Inna muka daidaita baki, sannan na same shi a zaure yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, alfarma na zo nema." Na ce in sunan Auta ya fito, to alhamdu lillahi. In bai fito ba, a ƙara mata shekara ɗaya ta sake gwadawa, kuɗin fom a wuyana. In kuwa auren ne ya zo gaba, a sa maganar karatun a gaban magabata da shaidu tun kafin a ɗaura, kada a bar ta a bakin saurayi.

Ya daɗe bai ce komai ba, har na zaci na yi laifi. Can ya rage muryar rediyon ya ce, "Ke kika aiko kanki, ko ita ta aiko ki?" Na ce ni na aiko kaina. Ya ce, "To na ji. Shekara ɗaya. Amma ki gaya mata ta riƙa cin abinci, uwarku ta ce ta rame."

Har zuwa yau da nake wannan rubutun sunaye ba su fito ba, an ce sai ƙarshen wata. Jiya Auta ta zo ta cinye shinkafa da wake har ta nemi ƙari. Tana cikin wanke hannu ta juyo ta ce, "Yaya, amma dai kina ganin da na ce Italiya..." Na miƙa mata tsintsiya na ce ta share mini tsakar gida.